Me Ya Kashe Tom Robinson, Launin Fatarsa Ko Rashin Gata?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum jama'a. Ina fata kowa ya kammala littafinmu na wannan wata, To Kill a Mockingbird na Harper Lee, wanda ya fito a 1960 ya kuma ci kyautar Pulitzer a 1961. Ga waɗanda suka shigo a makare: labarin wani gari ne da marubuciyar ta ƙirƙira, Maycomb, a jihar Alabama ta kudancin Amurka, tsakanin 1933 da 1935, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Wata yarinya, Scout, ita ke ba da labarin. Mahaifinta lauya ne, Atticus Finch, alƙali ya ɗora masa aikin kare wani baƙar fata mai suna Tom Robinson da aka zarga da yi wa wata farar fata, Mayella Ewell, fyaɗe. Duk hujja ta nuna bai aikata ba, amma aka same shi da laifi, daga baya masu gadi suka harbe shi a gidan yari. Jiya Malam Habibu ya yi wata magana da ta tayar da ƙura, na ce a bari sai yau. Malam, bismillah.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da na ce shi ne, an daɗe ana karanta littafin nan a matsayin labarin wariyar launin fata, ni kuwa ina ganin labarin asali da matsayi ne. Launi reshe ne kawai, saiwar ita ce wane ɗan gidan wane. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da shi, kowace shekara ina ƙara gamsuwa.

Ku duba abin da Jem, yayan Scout, ya gano bayan shari'a. Ya ce mutanen garinsu kashi huɗu ne: irinsu da maƙwabtansu na cikin gari, sai irin su Cunningham manoman ƙauye, sai irin su Ewell na bakin juji, sai baƙaƙe. Kowane kashi yana raina na ƙasa da shi. Kashi uku a cikin huɗun nan duk fatarsu ɗaya, amma ba sa auren juna, ba sa zama inuwa ɗaya. Tun ranar farko ta makaranta aka nuna mana wannan. Walter Cunningham ya zo ba takalmi, ba abincin rana, rigarsa kuwa wankakkiya, wandonsa da faci amma tsaf. Sabuwar malama ta miƙa masa senti 25 ya sayi abinci ya biya gobe, ya ƙi karɓa, domin gidansu ba sa karɓar abin da ba za su iya biya ba. Mahaifinsa da ya yi hulɗar shari'ar gona da Atticus, da itacen girki ya biya, da buhun 'ya'yan itace, da ganyen miya. Mutanen kirki ne masu zuciya. Amma da Scout ta ce za ta gayyaci Walter gida, gwaggonta Alexandra ta ce atafau, ta kira shi shara, ta ce ko an wanke shi an sa masa sabon kaya ba zai zama kamar Jem ba. Ina launi a nan?

Hujjata ta biyu ita ce Dolphus Raymond. Farar fata ne, yana zaune da mace baƙa, sun haifi 'ya'ya, gari ya sani. Wa ya taɓa shi? Ba kowa, domin ɗan tsohon gida ne, yana da filaye a bakin kogi. Mayella kuwa sumba ɗaya ta kai wa Tom, duniya ta tashi. Mai gata ya yi abin da ya fi nata ya kwana lafiya. Saboda haka na ce rashin gata ne ya kashe Tom.

Nafisa: Malam, ina da tambaya ɗaya don Allah. Tsakanin Tom da Bob Ewell, uban Mayella, wa ya fi wani gata a idon gari kafin shari'ar?

Malam Habibu: Tom, babu shakka. Yana da aikin yi, yana da mata da 'ya'ya uku, yana zuwa coci. Bob kuwa mashayi ne.

Nafisa: To Malam, ai amsarka ta rushe maganarka. Idan matsayi da mutunci ne ma'auni, da Tom ya ci shari'ar. Gidan Ewell fa Atticus da kansa ya ce kaka da jika su ne abin kunyar garin. Suna zaune bayan bola, a wata bukka da baƙaƙe suka taɓa zama a ciki suka bari. Kuɗin tallafin gwamnati Bob giya yake sha da shi, yara na tsince-tsince a juji. Ɗansa Burris ranar farko kaɗai yake zuwa makaranta kowace shekara, ranar ma ƙwarƙwata ce ta fito daga kansa malama ta yi kururuwa. Tom kuwa ubangidansa Link Deas, wanda farar fata ne mai shago da gona, miƙewa ya yi a tsakiyar kotu ya ce shekara takwas yaron nan yana masa aiki bai taɓa ganin aibunsa ba, har alƙali ya kore shi waje. Duk da haka maganar Bob aka ɗauka. Ni dai ban ga abin da Bob ya fi Tom da shi ba in ba fatar ba, kuma Scout ma haka ta lura, ta ce sai an cuɗe shi da sabulu da ruwan zafi kafin a ga abin da yake taƙama da shi.

Barista Zainab: Nafisa, Allah ya yi miki albarka, kin riga ni. Malam Habibu, bari in ƙara maka ta fuskar aikinmu, domin na karanta babin shari'ar sau uku da alƙalami a hannu.

Ba a kira likita ba. Shugaban 'yan sandan gundumar, Heck Tate, ya amsa haka da bakinsa. Wato laifin da ake tuhuma kansa ba a tabbatar ya faru ba. Abin da aka tabbatar shi ne duka, kuma idon Mayella na dama ne ya kumbura, raunukan fuskarta a ɓangaren dama suke, alamar bahago ne ya doke ta. Atticus ya miƙa wa Bob alƙalami ya ce ya rubuta sunansa, ya rubuta da hagu a gaban kowa. Tom kuwa da ya miƙe, kotu ta ga hannunsa na hagu a shanye, ya gaza ɗan'uwansa tsawo da kamar inci 12, domin injin gurzar auduga ya kama shi tun yana yaro. Ko rantsuwa da ya zo yi, hannun zamewa yake daga kan Littafi Mai Tsarki. Wallahi shari'a irin wannan ko ɗalibin lauya ba zai faɗi ba.

Ka lura da inda ta juya. Mai gabatar da ƙara ya tambayi Tom me ya sa yake tsayawa yana yi wa Mayella aikace-aikace, faskare da ɗiban ruwa, ba ya karɓar ko kwabo. Tom ya ce tausayinta yake ji, don ya ga ba mai taimakonta. Nan take kotu ta yi tsit, lauyan ya maimaita kalmar cikin mamaki. Da a ce Walter Cunningham babba ne ya ce yana tausayin 'yar Ewell, ba wanda zai ɗaga kai, domin kowa ya yarda yana sama da ita. Laifin Tom shi ne ya kalli farar fata daga sama. Wannan dokar ba ta talauci ba ce, Malam.

Malam Habibu: Barista, na ji, kuma ban musa cewa launi ya yi aiki a cikin kotu ba. Amma me ya kai maganar kotu tun farko? Bob ya leƙa ta taga ya ga 'yarsa ta rungumi Tom. Shi ya doke ta. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai ya ruga wurin hukuma. Me ya sa kunyar ta yi masa nauyi haka? Domin ba shi da komai. Ba gona, ba sana'a, ba suna. Mutumin da ke da abin hannunsa ba ya buƙatar kashe wani don ya ji shi mutum ne. Talaucinsa ne ya haifi ƙiyayyarsa.

Baffa Garba: Habibu, ɗana, tsaya a nan. Na bar ku kuna ta yi don in ji inda za ku dosa, amma wannan maganar taka ta ƙarshe ita ce tarkon da littafin kansa yake ɗana wa mai karatu, kuma ka faɗa ciki.

Ka ce talaka ne ke ƙiyayya. To mu je ɗakin baƙi na gidan Finch ɗin kansa. Bayan shari'a gwaggo Alexandra ta tara matan coci masu hali, an yi ado, ana shan shayi da kayan zaƙi da Calpurnia mai dafa musu abinci ta haɗa. Wata Misis Merriweather har ƙwalla ta cika idonta don tausayin wata ƙabila da ke can wata nahiya da mishan ya je wa'azi. Ba ta gama share hawaye ba ta juya tana ƙorafin 'yar aikinta Sophy, wai tun da aka yanke hukunci take ɗaure fuska a kicin, har ta yi tunanin korarta. Nawa take biyanta? Dala ɗaya da senti 25 a mako. Sannan malamar su Scout, Mis Gates, ta tsaya a aji tana Allah-wadai da yadda Hitila ke zaluntar Yahudawa, alhali Scout ta ji ta da kunnenta a matakalar kotu tana cewa lokaci ya yi da za a koya wa baƙaƙe hankali, sun fara wuce gona da iri. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Waɗannan ba masu cin juji ba ne.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai. Jem ya tambayi ubansa me ya sa masu taya alƙali yanke hukunci kullum manoman ƙauye ne, ba a ganin mutanen cikin gari. Atticus ya ce mata dai doka ta hana su zama, wanda gaskiya ne, a Alabama sai a 1966 aka ba su dama. Mazan cikin gari kuwa uzuri suke kawowa a sallame su, domin mai shago ba ya so ya yanke hukuncin da zai kore masa masu ciniki. Ka gani? Manya sun san gaskiya, sun janye jiki, sun bar wa talakawa aikin ƙazanta, sannan suka dawo gida suna cewa jahilai ne suka yi. Tsarin kuwa nasu ne. Kakan su Atticus, Simon Finch, da bayi uku ya kafa gandunsa a bakin kogi. Arzikin da ya mai da su 'yan asali daga nan ya fito.

Isuhu Maraɗi: Baffa, Allah ya ƙara girma. Ni da Faransanci na karanta shi, amma wurin nan da ka ambata na matan coci ya tsaya mini a rai kamar yadda ya tsaya maka. Sai dai ina ga bai kamata a yar da maganar Malam Habibu gaba ɗaya ba, domin tarihin jihar ya nuna abubuwan biyu a ɗaure suke da gangan. Bayan yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 an 'yanta bayi, suka fara jefa ƙuri'a. A shekarun 1890 ƙananan manoma farare suka fara tunanin haɗa ƙuri'a da baƙaƙe don su ƙwaci kansu daga masu manyan gonaki da masu ba da bashi. Sai a 1901 Alabama ta rubuta sabon kundin tsarin mulki, shugaban taron ya faɗa a fili cewa manufa ita ce a tabbatar da fifikon farar fata. Suka sa harajin dala ɗaya da rabi a shekara kafin mutum ya yi zaɓe, mai taruwa idan ba a biya ba, da gwajin karatu. Baƙaƙe kusan duka suka fita daga rajista, talakawan farare masu ɗimbin yawa suka bi su. Mutum irin Cunningham da ke biyan lauya da itace, ina zai samo kuɗin ƙuri'a?

Masanin nan baƙar fata, W. E. B. Du Bois, ya yi bayanin abin a littafinsa na 1935, shekarar da aka yi shari'ar Tom a labarin. Ya ce ana biyan lebura farar fata lada kaɗan, sai a cika masa da wani ladan da ba kuɗi ba: a kira shi da girmamawa, ya shiga inda baƙi ba ya shiga, kotu ta saurare shi. Wannan ladan shi ne duk dukiyar Bob Ewell.

Malam Habibu: Yauwa Isuhu! Ai abin da nake faɗa ke nan. Masu kuɗi ne suka ƙera wariyar don su raba kan talakawa.

Barista Zainab: A'a Malam, ba abin da ka faɗa ba ke nan. Ka ce rashin gata ne ya kashe Tom. Wanda ya ƙera wuƙa daban, abin da wuƙar ke yankawa daban. Ko da mun yarda don kare dukiya aka ƙera ta, wuyan baƙar fata take yanka, mai hali ne ko maras hali. Cunningham ya rasa ƙuri'a, Tom ya rasa rai.

Kuma ba ƙirƙira ba ce zalla. A watan Maris na 1931, a Alabama ɗin nan, aka sauke samari baƙaƙe tara daga jirgin ƙasa na kaya, aka ce sun yi wa mata farare biyu fyaɗe. Ita ce shari'ar Scottsboro. Matan, Victoria Price da Ruby Bates, talakawa ne liƙis, leburorin masaƙa, waɗanda a rana ta yau da kullum ba mai kallonsu. Cikin 'yan kwanaki aka yanke wa takwas hukuncin kisa. Ruby Bates ta dawo a 1933 ta ce ƙarya suka yi, amma aka sake samun wanda ake tuhuma da laifi. Sai da maganar ta je Kotun Ƙoli har sau biyu, a 1932 kan rashin ba su lauya na ƙwarai, a 1935 kan hana baƙaƙe zama cikin masu yanke hukunci.

Sannan garin marubuciyar kansa, Monroeville, wanda ke alfahari da littafin nan har ana wasan kwaikwayonsa a tsohuwar kotun garin. A 1988 aka yanke wa wani baƙar fata, Walter McMillian, hukuncin kisa kan kisan wata yarinya farar fata, bayan shari'ar yini ɗaya da rabi, alhali mutane da yawa sun ce suna tare da shi a gidansa a ranar. Ba almajiri ba ne, yana da sana'arsa ta yankan katako. Abin da ya sa aka sa masa ido shi ne an san ya yi hulɗa da wata mace farar fata. Sai a 1993 lauya Bryan Stevenson ya fitar da shi. Sana'arsa ba ta cece shi ba.

Auwalu: Anti Zainab, ni wannan maganar na gan ta da idona, ko da yake ƙarama ce. Shekara shida ina tuƙin babbar mota a kudancin Amurka. Wata rana a wani ɗan gari na tsaya shan mai, ni da wani abokin aikina baƙar fata haifaffen can, dattijo mai motocin kansa guda uku. Yaron da ke shagon, farar fata, haƙoransa duk sun zube don wahala, ya kira dattijon nan da kalmar da ake kiran yaro ƙarami. Dattijon bai ce uffan ba, ya biya, muka fito. A mota hannunsa rawa yake a kan sitiyari. Ya ce mini haka ake kiran ubansa har ya mutu da furfura. Da na karanta yadda mai gabatar da ƙara ke kiran Tom, magidanci mai 'ya'ya uku, da wannan kalmar a kotu, har yaron nan Dill, abokin su Scout, ya fashe da kuka aka fitar da shi, sai na ajiye littafin na kasa ci gaba a ranar.

Hajiya Rabi: Allah sarki. Sannu Auwalu.

Malam Habibu: Auwalu, labarinka ya taɓa ni, kuma ba zan yi jayayya da abin da mutum ya gani da idonsa ba. Na janye kalmar reshe, na yi gaggawa a kanta. Amma ku bar ni da abu ɗaya, domin ina jin tsoron mu gudu daga wani kuskure mu faɗa wani. Idan muka ce launi ne kaɗai, Mayella za ta ɓace mana. Yarinya ce 'yar shekara 19, uwa ta mutu, ƙanne bakwai a wuyanta, karatun shekara biyu ko uku. A tsakar gidan da ya cika da tarkace, ita ce ta jera tsofaffin tasoshi shida ta shuka jajayen furanni tana kula da su. Shekara guda ta yi tana tara ƙananan kuɗi har ta haɗa na sayen askirim wa yaran bakwai. Da Atticus ya kira ta da lafazin girmamawa a kotu, ta ɗauka ba'a yake mata, don ba a taɓa kiranta haka ba. Da ya tambaye ta su wa ne ƙawayenta, ba ta ma gane tambayar ba. Shaidar Tom ta nuna abin da ubanta ke yi mata ya wuce duka, kotu ta ji, kowa ya kau da kai. Matan cocin nan masu kukan ƙabilun nesa, wace ce a cikinsu ta taɓa taka ƙafa gidan? Fatarta fara ce, amma ba ta saya mata komai ba sai rana ɗaya a kotu.

Nafisa: Gaskiya ne Malam, ni ma na yi kukan Mayella. Amma a wannan rana ɗaya fa ta sayi ran mutum da fatar. Kuma wanda ta kashe shi kaɗai ne ya taɓa yi mata kirki.

Ni abin da ya dame ni ma shi ne Calpurnia. Ita ta reni yaran nan tun uwarsu ta rasu, ita ta koya wa Scout rubutu. Ranar da Walter ya zo cin abinci ya tuttula maɗi a kan nama da ganye, Scout ta kunyata shi da magana, ita ce ta ja ta kicin ta ce duk wanda ya tako gidanku baƙonku ne, ko ɗan wa ne. Wato a duk gidan ita ta fi fahimtar maganar da Malam ke yi ta raina talaka. Amma har littafin ya ƙare ba a faɗi sunan gidansu ba, ba ta san ranar haihuwarta ba, kuma sai da yaran suka bi ta cocinsu suka gano tana da wata rayuwa. Cocin da 'yantattun bayi suka saya da kuɗinsu na farko, ba littattafan waƙa domin mutum huɗu kacal suka iya karatu, ɗanta Zeebo ke karanta baiti jama'a su amsa. Ranar Lahadi su yi ibada a ciki, sauran kwanaki farare su yi caca a wurin. Limaminsu ya sa aka rufe ƙofa sai da aka haɗa dala 10 don Helen matar Tom, saboda ba mai ba ta aiki. Jem da ya lissafa kashi huɗu, ya raba farare gida-gida, ya haɗa baƙaƙe duka a buhu ɗaya: mai karatu da maras karatu, liman da lebura.

Baffa Garba: Nafisa, jikata, kin ga abin da manya da yawa ba su gani ba. Lissafin Jem ɗin da Habibu ya kafa hujja da shi, shi kansa shaida ne a kansa. Farare ana auna su da tsawon zamansu a ƙasa ɗaya, kamar yadda gwaggo Alexandra ke yi, ko da daɗewar gidansu da karatu, kamar yadda Jem ya zata. Baƙaƙe ba a ma ɗora su a kan sikelin.

Isuhu Maraɗi: Baffa, na tuna yadda a wajenmu ake hana aure a ce wane asalinsa bayi ne, ko ɗan mahauta ne. Ina ga kamar akwai kama.

Baffa Garba: Akwai kama a wajen gwaggo Alexandra da bin diddigin asali, wannan kam mun san shi, kuma abin kunya ne a gare mu. Amma kada mu haɗa su, Isuhu. Can doka ce a rubuce: makaranta daban, asibiti daban, maƙabarta daban, a kotu ma baƙaƙe a bene suke zama, sai farare sun gama shiga. Kotun Ƙoli ta halatta haka a 1896, ba ta fara warware shi ba sai 1954. Mu ajiye namu zuwa wata rana mu ba shi haƙƙinsa.

Malam Habibu: To Baffa, ya za ka yi da daren gidan yari? Manoma sun zo cikin motoci za su ƙwace Tom su kashe, Atticus na zaune a ƙofa shi kaɗai da fitila. Scout ta hango Cunningham babba, ta gaishe shi, ta tambaye shi maganar gonarsa, ta ce ya gai da Walter. Mutumin ya tsuguna ya dafa kafaɗarta, ya ce wa jama'a su watse. Daga baya kuma wani danginsu ne a cikin masu yanke hukunci ya tsaya kan a sallami Tom, har aka kwashe sa'o'i maimakon mintuna. Abin da ya juya su shi ne an girmama su, an ɗauke su mutane. Ina ganin marubuciyar tana cewa idan aka daina raina talaka, ƙiyayyarsa za ta iya sauka.

Barista Zainab: Ta yiwu haka take nufi. Amma ka duba wa Cunningham ya ji kunya. Kunyar Atticus ya ji, mutumin da ya yi masa alheri, da ta 'yarsa. Ba Tom ya tausaya wa ba, bai ma ga fuskarsa ba a daren. Shi kuma danginsu da ya tsaya, daga ƙarshe ya bi sahu, mutum goma sha biyu duka suka ce yana da laifi. Atticus ya ce akwai damar ɗaukaka ƙara, Tom ya riga ya fid da rai da adalcin farare, ya ruga ya kama katangar waya da hannu ɗaya. Harsashi 17 aka samu a jikinsa. Gari ya yi maganar kwana biyu ya manta.

Ka kuma kwatanta da mutuwar Bob. Da ya kai wa yaran Atticus hari da dare, maƙwabcinsu Boo Radley, ɗan gidan mutunci da ba ya fita, ya cece su, Bob ya mutu da wuƙa a haƙarƙari. Heck Tate ya ce faɗawa ya yi a kan wuƙarsa, magana ta ƙare, ba kotu, ba tuhuma. Na yarda rufa wa Boo asiri daidai ne. Amma wannan hukumar da ta iya rufe magana a dare ɗaya don ta kare farar fata, ita ce ta kama Tom ba tare da ta kira likita ba.

Malam Habibu: Wannan kwatancen ban taɓa yin sa ba duk shekarun nan, Barista. Zan kai shi aji ranar Litinin in ji abin da yara za su ce. Amma har yanzu ina nan kan cewa wanda ya koyar da littafin nan ya tsallake Walter da Mayella, rabinsa ya koyar.

Nafisa: Malam, idan za ka kai, don Allah ka haɗa da Helen. Bayan an kashe mijinta Link Deas ya ba ta aikin girki, amma hanyar gidansa ta gaban gidan Ewell take bi, yaran suna jifanta, sai ta riƙa zagaye na kusan mil guda kullum. Ranar da ta bi hanyar kai tsaye, Bob ya bi ta a baya tun daga juji har ƙofar gidan aikinta yana zaginta ƙasa-ƙasa. Ta waiwaya ta gan shi, ta ci gaba da tafiya, sai da ta shiga ciki ta buga wa Deas waya a shagonsa.

Hajiya Rabi: Babi na 27 ke nan, ga mai son dubawa. An kira magariba a nan Kano. Auwalu, ka ce kana da magana kan ɗayan littafin Harper Lee, Go Set a Watchman, da ya fito a 2015, inda aka nuna Atticus da tsufa yana adawa da haɗa makarantun farare da baƙaƙe. Ka riƙe ta, da kai za mu buɗe bayan isha'i.